Kwana Bakwai Ina Neman Sunan Mahaifina

Ranar Laraba da hantsi maiɗakina ta sauka. Tana Zariya a lokacin, gidan iyayenta, don tun cikin yana wata takwas suka zo suka tafi da ita kamar yadda ake yi wa mai haihuwar fari. Ni ina Kaduna bakin aiki sai ga kiran surukina. Ya ce, "An sauka lafiya, an samu namiji." Na rasa ta cewa, tunda ba a yi wa suruki rawar kai a kan ɗan fari. Na dai ce, "Masha Allah, Baba, Allah ya raya," sai ka ce ɗan maƙwabci aka haifa. Daga nan ya jefo mini tambayar da ta hana ni barci kwana huɗu: "Da wane suna za a yi masa huɗuba?"

Na ce, "Baba, ai ku ne manya. Duk wanda kuka zaɓa ya yi."

Ya yi 'yar dariya. "Allah ya yi maka albarka, na gode da wannan kara. Amma kai ma kana da uba, ko da ƙasa ta rufe masa ido. Ka je ka yi shawara da mutanen gidanku. Yanzu zan yi masa kiran salla a kunne, sunan ya biyo baya."

Dama abin da ke raina ke nan. Tun kafin in yi aure na ƙudurta cewa in Allah ya ba ni namiji, sunan mahaifina zan mayar. Inda gizo ke saƙar shi ne ban tabbatar da sunan ba.

In na faɗi haka a majalisa dariya za a yi mini, mutum da gemunsa bai san sunan ubansa ba. To ga yadda abin yake. Ina ɗan shekara 6 ya rasu. A unguwarmu ta Tudun Wada, Malam Tanko ake ce masa. A masaƙar da ya yi wa aiki a Kakuri, Tanko ne. Ranar da aka kai ni firamare hedimasta ya tambayi sunan uba, aka ce Tanko, ya rubuta, daga nan sunan ya manne mini a kowace takarda har yau. Amma kowane Bahaushe ya san ba a yanka rago a kan Tanko. Laƙabi ne na namijin da ya zo bayan mata sun jeru, kamar yadda ake ce wa macen da ta biyo bayan maza Kande, wanda ya bi tagwaye kuma Gambo. Sunan yankan yana can ƙasa an lulluɓe shi.

Abin da na riƙe bai wuce biyu ba. Akwai tsohon katin aikinsa da Inna ke ajiyewa a ƙasan adakarta, an buga masa U. Tanko. Sannan ina ji kamar na taɓa jin an ce Usman a wurin wata addu'a ina yaro. Da wannan na girma. In zan yi masa addu'a sai in ce Allah ya jiƙan Baba, Allah kuwa ya san wanda nake nufi. Sai dai liman ba zai shafa Fatiha a kan "ina ji kamar" ba.

Ranar Alhamis na je Zariya barka. Aka miƙo mini yaron a cikin zane, na kalle shi da gefen ido na mayar wa ƙanwar maijego da sauri, don tsofaffin gidan sun zuba mini ido suna jiran in yi abin da za su ba da labari. Ban fi minti goma a ɗakin ba.

Juma'a bayan an sauko masallaci na sami Inna tana tankaɗe. Na zauna ina ta kame-kame, don ban taɓa ɗauko mata irin wannan zance ba. Shekara 26 da rasuwarsa, ban taɓa jin ko Tanko ya fito daga bakinta ba, balle na yanka. "Malam" take cewa, ko "babanku", ko "marigayi". Da ƙyar na ce, "Inna, so nake a mayar wa yaron nan sunan Baba. To shi ne nake so in tabbatar."

Ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da kaɗa rariyarta, can ta ce, "Ka je wurin yayarsa. Ita ce ta ga yankan ragon."

Na so in ce mata ko da kai ne ta amsa mini, in na faɗi sunan ta gyaɗa. Bakina ya ƙi. Kunyar da ta hana ta faɗa ita ce ta hana ni furtawa a gabanta.

Na yi ƙoƙarin yanke hanya. Akwai wani tsohon abokin aikin Baba da ke sayar da yadi a Kasuwar Barci tun bayan da masaƙu suka durƙushe, na same shi ranar Asabar. Bai ko yi tunani ba ya ce, "Umaru ne mana." Sai ya yi shiru, ya cire hula ya sosa kai. "Ko kuwa? Kai, ɗan nan, shekara 14 muna kan inji ɗaya, wallahi ban taɓa jin an kira shi da wani abu ban da Tanko ba." Na fita daga shagon na fi shigata ruɗewa, ga harafin U ɗin ya dace da kowanne.

Lahadi da sassafe na hau mota. Kaduna zuwa Zariya, Zariya zuwa Funtuwa ta Giwa, daga nan ɗan acaba ya ratsa da ni ta cikin gonaki zuwa ƙauyenmu, inda Baba ya bar noman auduga ya tafi birni saƙa ta. Rabona da garin shekara biyar, kuma Gwaggo ba ta yafe mini ko ɗaya ba. Na tarar da ita a gindin darbejiya tana ɓarar gyaɗa, ganinta ya yi rauni amma muryata ta ishe ta.

"A'a, Ɗanlami ne? Yau hanya ta ɓace maka ke nan?"

Ita kaɗai ta rage a duniya mai kirana da haka. Ranar Alhamis aka haife ni, kuma sai na ji sunan a bakinta nake tuna cewa ni ma ina da wanda aka lulluɓe ni da shi kafin makaranta ta yaye.

Sai da na sha fura, na sha faɗa, na gaida duk wanda ya shigo, sannan na faɗi abin da ya kawo ni. Ta ajiye ƙwaryar gyaɗar. Na zaci kalma ɗaya za ta faɗa in kama hanya, ashe daga tushe za ta ɗauko.

Ta ce uwarsu ta yi wabi sau biyu kafin a haife ta, duk ba su kai yaye ba. Da ita ta zo, sai kakarsu ta ɗauke ta ta kai bakin juji ta ajiye, wata maƙwabciya ta je ta tsinto ta, wai don mutuwa ta ga ba a damu da ita ba ta ƙyale ta. Shi ya sa sa'o'inta ke ce mata Ajuji. "Ni fa sai ranar ɗaurin aurena na ji sunana," in ji ta. "Yara suka shigo da gudu suna cewa an ɗaura auren wance. Na ce wace ce kuma wance? Aka yi ta yi mini dariya." Ta yi dariyar ita ma har da tari. Bayanta aka yi mata biyu, sannan aka samu namiji. Tana 'yar shekara tara lokacin, ta ce tana tuna ragon, fari ne mai baƙin kunne, kuma ita aka aika ta kai wa wanzami nasa kason. Sunan kakansu na wurin uba aka sa wa jaririn. Uwarsu kuwa ba za ta iya kiran sunan surukinta ba, ubansu ba zai iya kiran sunan ubansa ba, ga kuma mata uku a gabansa. Tun ranar sunan Tanko ya hau, bai sake sauka ba.

Na ce, "To Gwaggo, mene ne sunan?"

Ta juyo da fuskarta wajena kamar na zage ta. "Kai ba ka da kunya? Ni zan faɗa?"

Gabana ya faɗi. Na ce a raina, na ƙona kuɗin mota a banza.

"Yayanku na Legas," ta ce, "me kuke ce masa?"

"Yaya Shehu."

"To ka ji. Sunan ƙanena na mayar masa."

Yaya Shehu ɗanta ne na fari, wanda ita ko Shehun ba ta faɗa, sai dai "wancan na Legas". Na tashi ina ganinsa, ya sha saya mini kayan salla, ban taɓa tsayawa na tambayi me Shehun ya rufe ba. Alhali kowa ya san a ƙasar Hausa in an sa wa yaro Usman, Shehu ake kiransa saboda girman Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya rasu a Sakkwato tun 1817 amma har yau ana jin nauyin a kwatsa sunansa a tsakar gida. Haka Abubakar ke komawa Garba, Umaru ya zama Sanda, Yusufu ya zama Maitama. Amsar tana cikin gidanmu shekara da shekaru tana yawo da ƙafafunta.

Don in cire kokwanto na ce, "Usman ke nan?"

Ta ɗauki ƙwaryarta. "Kai ka faɗa."

A hanyar dawowa ne na gane abin da Inna ta yi mini. Da ta so, da ta sa ƙanwata ta raɗa mini a kunne tun ranar Juma'a. So take a je har gida a gaya wa yayar marigayi cewa za a mayar da sunan ƙanenta, kada ta tsinci labarin a bakin 'yan kawo goro. Gwaggo kuwa ta ce ko a kan jaki ne sai ta je sunan.

Na tsaya a Zariya da yamma na shaida wa surukina. Ya ɗauki yaron ya raɗa masa a kunne, ya yi addu'a. Saura maijego. Na san tana da jerin sunaye a wayarta tun cikin yana wata biyar, irin su Ayman da Nabil da Affan. Ba na ƙin sababbin sunayen nan, in dai an san ma'anarsu. Abin da ke ba ni haushi shi ne a tsinci kalma don daɗinta a baki kawai, in ka tambayi uban yaro me take nufi ya ce maka sai ya tambayi uwar. Da na gaya mata ta yi shiru, sannan ta ce, "Allah ya jiƙan mai sunan. To amma ka san ni ba zan iya kira ba. Ɗan fari ne, ga shi sunan babanka."

"Ni ma ba zan iya ba."

"To me za mu riƙa ce masa?"

Ta kawo Affan. Na ce mata ai Affan sunan mahaifin Sayyidina Usman ne, in mun yi haka mun gudu daga sunan uba mun faɗa na wani uban. Na kawo Abba, ta ce a layinsu kaɗai akwai Abba huɗu. Muka rabu a kan Khalifa, ni ba don ya burge ni ba, sai don na riga na ci babbar, bai kamata in haɗa da ƙaramar ba.

Litinin da Talata suka tafi a hidima. Na je Zango na sayi rago, dillali ya fara da kuɗin da ya sa na duba ko sa yake nuna mini, muka yi ta ja har ya sallama. Wani abokina ya ce ai namiji raguna biyu ne. Haka ne, akwai hadisin da ya zo da hakan, kuma mai hali yana yi, amma a mazhabarmu ta Malikiyya ɗaya ya wadatar ko mace ko namiji, aljihuna kuma ya bi Imamu Malik ba tare da gardama ba. Shi ma lissafin kwanakin daga can yake: in an haihu bayan fitowar alfijir ba a ƙirga wannan ranar, shi ya sa wanda aka haifa Laraba ake raɗa masa suna wata Larabar. Sai goro da dabino da alawa, sai turamen atamfa na fitar suna da kayan jariri da ƙannena mata suka haɗa suka kai.

A da, uban ɗan fari ba ya ma zama wurin raɗin suna, ɓuya yake yi sai an watse. Ni ban gudu ba, amma na laɓe can ƙarshen tabarma a bayan abokaina, suna ta zungurina da "angon ƙarni". Bayan sallar asuba ne, gari bai gama wayewa ba, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan har sun tare layi. Yaya Shehu ya hawo motar dare daga Legas, shi ya tsaya a matsayin uba. Na ga ya rarrafa gaban liman ya kai baki kunnensa. Liman ya ce a yi wa Annabi salati, ya yi addu'a, ya kawo darajar mai sunan na asali, Zunnuraini, wanda ya auri 'ya'yan Manzon Allah biyu, mutumin da mala'iku ma ke jin kunyarsa. Aka shafa.

Sai maroƙi ya miƙe, wani dogon tsoho mai rawani ya sha jiki, ya buɗe murya yadda na ƙarshen layi zai ji: "Sunan yaro Usmanu! Usmanu sunan yaro! Allah ya raya Usmanu!"

Ban shirya wa wannan ba. Duk faɗi-tashin kwanakin nan a raɗa aka yi shi, da nuni da gefen baki. Tunda nake ban taɓa jin an ɗaga murya da sunan mahaifina ba, sai ga wani da bai taɓa ganinsa ba yana shelarsa har sau uku da asuba. Guɗa ta tashi daga cikin gida. Na sunkuyar da kai ina ta murza ƙwayar dabino a hannu har abokaina suka daina tsokanata. Daga baya ƙanwata ta gaya mini cewa da muryar ta ratsa cikin gida, Inna jan mayafinta ta yi ta rufe fuska, Gwaggo kuma ta ce a miƙo mata Tankonta.

Sauran ranar ta tafi yadda aka saba. Mahauci ya kayar da rago, wanzami ya zo da zabirarsa ya yi wa yaron aski, aka fitar da sadaka a madadin nauyin gashin. Da rana mata suka cika gidan, masa da miyar taushe suna ta fita, ni dai ban sake leƙawa ba.

Rago ɗaya aka yanka, amma kafin a yi arba'in yaron ya tara suna biyar. Uwarsa Khalifa take cewa, ni ma na bi. Kakarsa ta Zariya ta ce ita ba ta san wani Khalifa ba, Balarabe ne tunda ranar Laraba ya zo. Inna "Maigida" take ce masa, tana yi masa tsiyar ya dawo bai kawo cefane ba, kuma a wannan wasan na jika da kaka ne na fara ganin ta yi zancen Baba tana dariya. Gwaggo na kan Tankonta, duk da ba mace ko ɗaya a gabansa. Yaya Shehu in ya bugo waya "takwara" yake tambaya. Usman ɗin da na yi tafiyar yini guda a kansa, tun da maroƙin nan ya sauke murya ban sake jin wani ya faɗa a gida ba. Uwar ma ta rasa nata, duk unguwa Maman Khalifa ce yanzu.

Da suka dawo Kaduna na tafi yi masa takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, don ana so a yi rajista cikin kwana 60. Na matsu a kan wannan ne saboda ni na ɗanɗana. Muhammad ɗin da ke gaban sunana iri uku aka rubuta shi a takarduna tun daga makaranta, wani wuri da o, wani da u, wani an gajarce shi, sai da na yi takardar rantsuwa a kotu kafin su zama mutum ɗaya. Yanzu kuwa da ko jarrabawar JAMB ba a zama sai da lambar NIN tun 2021, harafi ɗaya na iya tsayar da yaro shekara guda. Don haka na je da sunan a rubuce a 'yar takarda, ba Usuman ba, ba Uthman ba, ba kuma Ousmane irin rubutun 'yan'uwanmu na Nijar ba.

Fom ɗin akwati uku ne: sunan farko, na tsakiya, sai na iyali. Wannan na ukun baƙo ne a wurinmu. Bahaushe da sunansa da na ubansa aka san shi, in an matsa a ƙara da sana'a ko unguwa. Da boko ya zo ya buƙaci suna na biyu, da yawa sunan gari suka ɗauka, shi ya sa muke da Tafawa Ɓalewa da Shagari da Aminu Kano, Sardauna ma Ahmadu Raba yake a Kwalejin Katsina. Mu a gidanmu abin da hedimasta ya rubuta shi ya zama na iyali.

Na tsaya da biro a hannu. In na bi tsarin gida, sunansa da nawa sun isa. In kuma na bar Tanko a waje, takardunsa ba za su yi kama da nawa ba, wata rana a ce ya kawo shaidar ni na haife shi. Na rubuta Usman a akwatin farko, nawa a tsakiya, Tanko a na ƙarshe. Sai da na gama na lura cewa mutum ɗaya na rubuta sau biyu, na yankansa a gaba, laƙabinsa a baya, ni ina tsakani.

Muka zauna a benci muna jira. Can ma'aikaciyar ta ɗago takarda ta kira sunan gaba ɗaya. Ba wanda ya motsa. Ta sake kira, har na waiga ina neman mai shi, sannan na zabura na miƙe.

Ta dube ni ta saman tabarau. "Kai ne baban Usman?"

Saura kaɗan in ce mata a'a, ɗansa ne. Na ce, "Ni ne," na sa hannu na karɓa.